Sai Gobe Ba Ya Cikin Taswira

Lahadi, 28 ga Yuli 2013, bayan la'asar

Gwaggo Fatna ta saya mini wannan littafi don in riƙa kwafar labarin da Hamad ya rubuta mini, kullum sau ɗaya, har ya zauna a kaina kafin ranar ganawa. Yau kwana tara. Ban kwafa ko sau ɗaya ba, kuma ban gaya wa kowa ba. Idan ta leƙo ta gan ni a sunkuye da biro sai ta ce Allah ya yi albarka, ta koma kicin. Ba ta karatu. Ko da tana yi, da ajamin da Baba ya koya mini nake rubutu.

Ganawar a ofishin 'yan gudun hijira ce, ran 18 ga Agusta. Idan sun yarda da labarina za su karɓi katina mai ruwan ɗorawa su ba ni shuɗi. Mai shuɗin kati ba a mayar da shi inda ya fito. Hamad yana zama a shagon waya na ƙasan gidanmu a nan unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira, yana rubuta wa mutane labari. Gwaggo ta ce labarinsa ba ya faɗuwa. A cikin wanda ya rubuta mini ni 'yar Darfur ce, daga wani gari da ban taɓa jin sunansa ba, sunan mahaifina Adam, kuma a gabana aka kashe shi. Ya ce kada Hausa ta fita daga bakina ko kalma ɗaya, in nemi tafinta na Larabci. Ya ce in suka ji Hausa za su ce in tafi Najeriya, kuma ƙauyenmu da ruwa ya cinye, wa zai je ya duba?

Sunan mahaifina Sulaimanu. Garinmu Sai Gobe, a bakin kogin Bahar Azrak a Sudan, sama da garin Rusairis. Ban ga an kashe shi ba. Ban ga komai ba.

Litinin, 29 ga Yuli, da hantsi

Hanyar dandalin Rabi'a a rufe take har yanzu, masu zanga-zanga sun kafa tantuna a kan titi. Mikrobas, 'yar motar hayar nan, ya yi ta zagaye, awa biyu da rabi kafin in isa unguwar Muhandisin inda nake aiki, ga azumi. Madam Heda ba ta yi faɗa ba. Ta ce ma'alish, wato ba komai, ta nuna mini kwanuka.

Wata huɗu ke nan ina aiki a gidanta. Ba'amurkiya ce, tana aiki a wani kamfani. Mahaifinta yana zaune da ita tun da matarsa ta rasu. Kowa Giddo yake ce masa, wato kaka, har mai gadin ƙofa. Ya yi shekara ashirin da wani abu yana auna ƙasa yana zana taswira a Saudiyya da nan Masar, shi ya sa yake jin Larabci, irin na mai karanta labarai a rediyo.

Ba sa shan shayi, ba sa shan gahawa. Ranar da na gaya wa Gwaggo ta ajiye ludayi ta ce, "To me suke ba baƙo?" Na ce addininsu ne ya hana, Mormon ake ce musu. Ta ce, "Marmarin me? Ai kuwa wanda ba ya shan shayi dole ya yi marmari." Da ta gama dariya ta ja mini kunne kada ta ji na taɓa littafinsu. Ba na taɓawa. Gefensa nake gogewa.

Talata, 30 ga Yuli, azahar

Yau ma ban kwafa ba.

Laraba, 31 ga Yuli, bayan la'asar

Bango guda na ɗakin Giddo taswira ce, an soke ta da ƙananan allurai, wasu masu jan kai, wasu masu koren kai. Kullum in zan share ƙura nakan tsaya. Akwai wata a kan tebur ta duniya gaba ɗaya. Na san inda Sudan take, malamar aji shida ta nuna mana. Nakan bi shuɗin layin da yatsa daga Khartum in gangara. Yau ya kama ni.

Na ce ƙura nake cirewa. Ya ce, "Ƙurar wurin nan ta fi ta ko'ina taurin kai, ya Tasnim, kullum nan kike gogewa." Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa tsumma. Don in kawar da maganar sai na tambaye shi alluran na mene ne.

Ya ce shi ya yi alkawari ba zai kira Musulmi zuwa addininsa ba, amma taswira ba addini ba ce. Ya ce a littafinsu akwai wasu mutane da suka bar Ƙudus tun kafin Annabi Isa da shekara ɗari shida, suka bi gefen Bahar Maliya, suka sassaƙa jirgi suka haye teku zuwa Amurka. Can suka hayayyafa, suka gina birane, suka yi ta yaƙi har ɓangare ɗaya ya ƙare. Wani daga cikin na ƙarshe ya rubuta labarin a alluna na zinariya ya binne a tudu. Sunan kowane birni yana cikin littafin. Amma har yau ba a san inda ko ɗaya yake ba.

Masu jan allura sun ce a kudu ne, inda daji yake da dalar dutse irin ta Giza. Masu koren allura sun ce a arewa ne, kusa da manyan tafkuna. Giddo ɗan ja ne. Yana da amini na shekara arba'in ɗan kore, yanzu gaisuwar Kirsimeti kawai ke haɗa su. Na ce duk littafi ɗaya kuke karantawa? Ya ce shafi ɗaya ma.

Ɗansa Kebin kuwa, da ke Amurka, ya ce a cire alluran duka. Ya ce littafin ya ambaci dawaki da takubban ƙarfe, amma an haƙa an haƙa ba a sami ƙashin doki ko guntun takobi na wannan zamani ba. Shi ne wanda suke magana da shi a kwamfuta da yamma, Giddo yana ja har wuya. Ba na jin Turanci, amma na san muryar.

Alhamis, 1 ga Agusta, da safe

Na yi mafarkin awakinmu. Bakwai ne, na ƙirga, ba wadda ta ɓata.

Lahadi, 4 ga Agusta, azahar

Giddo yana auna taswira da zare. Ya ce littafin ya faɗi wani siririn wuyan ƙasa tsakanin teku biyu, tafiyar yini ɗaya da rabi. Duk rigimar a kan wannan take. In mai gudu ne, wurin yana da faɗi, ja ya ci. In mai tafiya ne a hankali, siriri ne, sai a nemi wani wuri. Ya tambaye ni, "A garinku tafiyar yini nawa ce?"

Na ce ya danganta da wanda ke tafiya. Daga garinmu zuwa titin mota yini ɗaya ne. Amma a wancan karon da yaƙi ya kore mu kwana uku muka yi, saboda da rana ba a fita fili.

Ya ajiye zaren ya dube ni. Na ce ruwa yana tafasa a kicin. Babu ruwa a wuta.

Talata, 6 ga Agusta, kafin shan ruwa

Gwaggo ta jiƙa hilu-mur, abin shan nan na azumi, ƙamshinsa ya cika gida. Irin wanda Inna take yi kafin ta rasu, ko dai haka nake tsammani, shekarata shida a lokacin. Kabarinta yana bayan masallaci, gefen bishiyar aduwa. Bara da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawo ruwa ya hau, aka ce mutanen da suka rage an mayar da su wasu garuruwa masu lamba maimakon suna. Ban san aduwa tana iya rayuwa a cikin ruwa ba ko a'a.

Zan rubuta yadda garinmu ya sami suna, don kada ya tsaya a kaina kaɗai. Kakan Baba, Malam Nata'ala, ya taso daga ƙasar Hausa a ƙasa zai je Makka, shi da iyalinsa da almajiransa na hanya. Shekara huɗu suna tafe. Da suka iso bakin kogi matarsa ta kwanta ciwo. Abokan tafiya suka ce, Malam yaushe za mu tashi? Ya ce sai gobe. Gobe ta yi, ya ce sai gobe. Wasu suka gaji suka wuce. Shi ya shuka kuɓewa ya koyi kamun kifi. Bai taɓa cewa ya fasa ba. Baba ya ce har ya rasu jakarsa a rataye take a bakin ƙofa.

Alhamis, 8 ga Agusta, ranar Salla, da yamma

Mahasin maƙwabciyarmu mai lalle ta shigo barka da Salla da sabon tob, lafayar matan Sudan, tana ta murna. An sami ƙaninta. Shekara biyu ba labari, ashe yana wani sansani a Habasha. Ya ba masu haɗa 'yan uwa sunansa da sunan ubansa da sunan ƙauyensu, suka duba a takardun nan Alƙahira suka ga mai irin su. Ranar Talata ta ji muryarsa a waya.

Gwaggo ta ce Alhamdu lillahi, ta tura mata farantin kahk, biskit ɗin Salla. Na tambayi Mahasin a hankali, "Da me suka gane ke ce?" Ta ce, "Sunan uba da sunan gari, ya bitti, 'yata. Me kuma ɗan Adam yake da shi?" Gwaggo ta ce in tashi in ɗora shayi.

Na daɗe a kicin har shayin ya yi baƙi.

Asabar, 10 ga Agusta, da safe

Saura kwana takwas. Na buɗe takardar Hamad na karanta layi huɗu na farko na rufe.

Laraba, 14 ga Agusta, la'asar, gidan Madam

Na fito da asuba kafin a fara tarwatsa masu zanga-zangar Rabi'a da bindiga. Ina cikin guga Gwaggo ta kira ta ce kada in dawo, kada in kuskura. Ina jin ƙara a bayan muryarta. Ta ce sun rufe tagogi, ita da Mahasin suna ɗaki ɗaya. Madam ta dawo daga aiki tun azahar. Daga baranda ana ganin hayaƙi ta wajen masallacin Mustafa Mahmud. An ce daga ƙarfe bakwai ba fita.

Jirgi mai saukar ungulu ya wuce ƙasa ƙasa. Ban san lokacin da na shiga ƙarƙashin teburin guga ba. Giddo ne ya same ni. Ya zare wayar dutsen guga daga bango, ya jawo kujera ya zauna har na fito.

Alhamis, 15 ga Agusta, da hantsi

Gwaggo lafiya. Ta ce ɗan mai burodi bai dawo ba.

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan azahar

Yau ce ranar ibadarsu a nan Masar, amma ba su je cocinsu na unguwar Ma'adi ba. Madam tana ta waya. Ba wani aiki, na goge abin da na riga na goge. Giddo ya kira ni ya ce in zo in ga abin da ya fi so a duk kayansa.

Hoton wani dutse ne da masu haƙa suka tono a wani tsohon ɗakin bauta a Yaman. A jikinsa akwai rubutu na dā. Ya nuna mini baƙaƙe uku, ya rubuta mini su da Larabci: nun, ha, mim. Ya ce a littafinsu, lokacin da mutanen nan suke bin hamada kafin su kai teku, wani dattijo ya rasu a hanya, aka binne shi a wani wuri mai wannan suna, 'ya'yansa mata suka yi ta kuka. Ga sunan a dutse, a kan hanyar da ya kamata, daga zamanin da ya kamata. Ya ce da ya fara ganin hoton ya yi kuka shi ma.

Na ce Kebin fa? Ya ce Kebin ya ce baƙaƙe uku ne kawai, sunan wata ƙabila, in ka nemi baƙaƙe uku a ƙasar Larabawa duka dole ka samu.

Na dubi takardar. Ba wasali. Ana iya cewa naham, ana iya cewa nihim ko nuhum. Na tuna Baba da allo a cinyarsa yana cewa, baƙi ba wasali baƙi ne, ba ka san sunansu ba sai sun buɗe baki. Na yi ƙoƙarin fassara wa Giddo amma a Larabci ba ya fita. Ya yi dariya don ya ga ina murmushi.

Ni ban yarda da littafinsa ba, addinina daban. Amma 'yan matan nan sun tsaya mini a rai. Su dai sun ga inda aka sa shi.

Ya tambaye ni me nake nema a taswira. Na gaya masa sunan garinmu. Shi ne mutum na farko a Masar da na gaya wa, ban da Gwaggo da ta sani. Ya sa na maimaita sau uku ya rubuta. Ya ce yana da aboki a wata jami'a da ke ajiye tsofaffin taswirorin Ingilishi na Sudan, zai tambaya.

Asabar, 17 ga Agusta, magariba, gida

Na dawo. Mun wuce ta gefen Rabi'a. Baƙi ƙirin, ana kwashe shara da manyan motoci. Direban mikrobas ya kashe rediyo. Gwaggo ta riƙe kaina ta shinshina kamar jaririya, sannan ta ce na rame, Turawan nan ba sa cin abinci ne?

Lahadi, 18 ga Agusta, da safe

Ofis a rufe. An ɗaga ganawa zuwa Talata, 3 ga Satumba. Gwaggo ta ce Allah ne ya ƙara mini lokacin hadda. Na ji daɗi, na kuma ji kunyar jin daɗin.

Talata, 20 ga Agusta, bayan la'asar

Gwaggo ta ce in zauna ta yi mini jarrabawa. Ta zauna a kan gado ta gyara tob kamar ma'aikaciya, ta sa muryar Larabci.

"Sunanki?"

Na faɗa.

"Sunan mahaifinki?"

Na shiga murza bakin mayafina. Ta ce, "Adam. Ce Adam. Sunan annabi ne, ba zai ƙone miki harshe ba." Na ce Adam.

"Yana ina?"

Na kalli tabarma.

"Tasnim, ina tambaya."

Na ce, "Gwaggo, cewa ya yi zai kwance awaki ya biyo mu."

Ta koma Hausa. Ta ce, "Sule ƙanina ne kafin ya zama ubanki. Ni na goya shi. Kina tsammani in yana numfashi zai yi shekara biyu bai nemi 'yarsa ba? Mai rai yana kira."

Na ce, "Wace lamba zai kira? Wayarki ta Khartum ya sani."

Ta ce, "Ke da bakinki ba ya buɗewa a gaban mutane, yau ni kike mayar wa magana." Ta tashi ta shiga kicin ta yi ta buga tukwane. Can ta leƙo, idonta ja. Ta ce, "In suka ƙi ki, ina zan kai ki? Cikin ruwa? Ni na rasa ɗaya, ba zan rasa biyu ba. Ki haddace."

Na ce to.

Laraba, 21 ga Agusta, da safe

Na kwafi rabin shafi. Da na zo wurin da aka ce na ga jininsa, biro ya tsaya. Na yage shafin.

Alhamis, 22 ga Agusta, azahar

Kamfanin Madam ya ce su koma gida. Za su tashi ran 30. Ta ce za ta ba wata ƙawarta lambata. An kawo kwalaye.

Ina ƙoƙarin tuna ƙofar gidanmu, ko kara ce ko langalanga. Na san da kara ce. Na san Baba ya ce zai canja. Ban tuna ko ya canja ba.

Lahadi, 25 ga Agusta, bayan la'asar

Tun daga ƙofa Giddo ya tare ni, ko takalmi ban cire ba. Ya ce, "Yalla, ya Tasnim, zo ki gani." Abokinsa ya aiko da hoton taswirar da Ingilishi suka zana shekara tamanin da suka wuce. Ya faɗaɗa ta a kwamfuta. Ga kogi, ga Rusairis, ga wani ɗan ɗigo kudu da ita da rubutun Turanci. Ya karanta mini, Seigub. Ya ce sin, gaf, ba. Mai auna ƙasa yakan tsayar da mutum a hanya ya ce ya sunan nan, ya rubuta abin da kunnensa ya kama. Shi ma haka ya yi ta yi a Saudiyya. Ya ce zai buga mini a takarda in kai ofis, ba wanda zai ce garin babu shi.

Na zauna a ƙasa. Ban taɓa zama a ɗakinsa ba. Na daɗe ina kallon ɗigon, har na fara ganin masallaci da aduwa a cikinsa.

Sai na tambaye shi, a taswirar ta ina rana take faɗuwa. Ya nuna hagu. Ɗigon yana hagu da kogi.

A garinmu rana cikin kogi take faɗawa. Kullum da yamma nakan kai kwanuka bakin ruwa, ta zo ta tsaya mini a ido har in juya baya, kwalekwalen Baba ya fito daga cikin hasken baƙi, ba na gane shi sai ya yi tari. Da safe kuwa ta bayan gonaki take fitowa. Mu a gabas muke.

Na gaya masa. Ya ce wataƙila mai zanen ya yi kuskure. Ya ce wataƙila garin ya fara a yamma daga baya ya haye. Ya ce kogi ma yakan canja hanya. Yana magana da sauri, wuyansa ya fara ja, irin muryar da yake yi wa Kebin. Na ce kabarin Malam Nata'ala yana gabas, kuma tun da ya sauka bai haye ba, ai shi ne sunan garin. Na ce, "Giddo, ba shi ba ne."

Ban taɓa ce wa babba haka ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya ce, "Baƙaƙe uku." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. Duk da haka ya buga takardar ya ba ni, ya ce ko da za ta yi amfani. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya.

Litinin, 26 ga Agusta, a mikrobas

Da na yi shiru da yanzu ina da gari a takarda.

Laraba, 28 ga Agusta, bayan azahar

Na taya Giddo cire allurai. Ja a gwangwani ɗaya, kore a ɗaya. Bangon taswirar duk huda. Na tambaye shi, in ba a taɓa samun biranen ba fa, har abada?

Ya ce matarsa ce ta fara ba shi littafin suna da shekara goma sha tara. A addininsu aure ba ya ƙarewa da mutuwa, in littafin gaskiya ne tana jiransa. Ya ce Kebin yana ganin duwatsu yake nema. Ya naɗe taswirar ya sa mata roba. Ya ce, "Yaron yana da gaskiya a wasu wurare, na sani. Amma in na daina, ban san me zan riƙa yi da la'asar ba."

Ya tambaye ni ganawar yaushe ce. Na faɗa. Ya ce me zan ce musu. Na ce ina haddacewa. Bai sake tambaya ba.

Alhamis, 29 ga Agusta, da yamma

Na wanke firij na bar ƙofarsa a buɗe kamar yadda Madam ta ce. Ta rungume ni. Giddo ya sa hannu a ƙirji irin namu ya ce, fi amanillah. Ya so ya ba ni taswirar duniya ta kan tebur, na ce ba mu da wurin ajiyewa.

Juma'a, 30 ga Agusta

Sun tafi.

Asabar, 31 ga Agusta, da hantsi

Hamad ya tare ni a ƙofar shago ya ce, "Bint Adam, an shirya?" Ya ce in na zo wurin mutuwar in yi kuka, amma kada ya yi yawa. Mutanen shagon suka yi dariya. Na ce in sha Allah.

Mahasin ta sake magana da ƙaninta. Ta ce a sansaninsu akwai Hausawa masunta da yawa daga bakin Bahar Azrak, sun yi unguwarsu daban, har suna saƙa koma ko da yake babu kogi kusa. Bai san sunayensu ba. Gwaggo tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta daɗe a kan tsakuwa ɗaya.

Lahadi, 1 ga Satumba, azahar

Wataƙila yana can. Wataƙila ba ya ko'ina. Ban sani ba. Wannan shi ne abin da na sani, cewa ban sani ba.

Litinin, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Gwaggo ta goge mini doguwar riga mai ruwan toka ta rataye a ƙofa. Ta dafa ƙwai biyu na hanya. Za mu fita bayan asuba, ita za ta jira a waje, ni kaɗai ake shiga da ni. Ta sake yi mini jarrabawa ɗazu na amsa duka, har Adam, har ƙarshe. Ta sa mini albarka. Na so in gaya mata ba labarin Hamad zan ba su ba, na fasa.

Takardar Hamad da ta Giddo na haɗa su na sa a ƙarƙashin katifa. Ba wadda zan ɗauka.

Idan suka tambaye ni tafintan wane harshe nake so zan ce Hausa, ko da za su sa in jira har yamma. Zan ce sunana Tasnim Sulaimanu, 'yar jikan Nata'ala ta wajen uba, daga Sai Gobe, gabas da kogi. Idan suka ce mahaifinki fa, zan ce ya koma kwance awaki, ban ƙara ganinsa ba, kuma ban ga gawarsa ba. Na san za su iya hana ni katin. Na san abin da Gwaggo za ta ce a mikrobas.

Idan suka ce sun duba taswira ba su ga garin ba, zan ce ni ma na duba, har da wanda ya fi ni sanin taswira, ba mu gani ba. Amma su rubuta.